An bar jaki ana dukan taiki: martani ga mai ɗora wa rana laifin duhunmu

Malam, na karanta rubutunka sau biyu, na farko a tsaye ina jiran mota, na biyu a zaune bayan sallar isha'i. Ka sa hoton rana a samansa, jajir kamar garwashi, da wasu bakuna na wuta jere a gefenta, ka ce wa masu karatu tsaga ce ta bayyana a jikin rana bayan fashewar da ta yi a watan Mayun 2024. Daga nan ka ɗora mata laifi uku: zafin bazarar da ya gallabe mu, ɗaukewar sabis ɗin waya a Isa da Sabon Birni da Gatawa, da mutuwar baturan sola a gidajen mutane. Ka rufe da cewa abin daga sama yake, ba na hukuma ba ne, ba na kamfani ba, don haka sai haƙuri da istigfari. Kan istigfari ba mai ja da kai, dukanmu muna bukatarsa dare da rana. Sauran maganar ce ba zan iya bari ta wuce ba. An karanta wa innata rubutun nan a tsakar gida, kuma tun ranar ta daina tambayar wa zai gyara ƙarfen sabis ɗin garinsu. Ta ce tunda rana ce ta tsage, to wa za a kai wa ƙara?

Hoton da ka sa na gaskiya ne, ban ce ka ƙirƙira ba. Irin waɗannan hotuna suna zuwa ne daga wani tauraron ɗan'adam na hukumar NASA ta Amurka mai suna SDO, wanda aka harba a watan Fabrairun 2010, aikinsa ke nan kallon rana ba ƙiftawa. Sai dai jan launin da ya tsorata ka ba launin rana ba ne. Na'urar tana ɗaukar wani irin haske ne da idon mutum ba ya gani, masana kuma su shafa masa ja ko ruwan zinari ko kore domin a bambance zafin wannan wuri da na wancan. Bakunan kuwa suna nan da gaske, kuma sun fi yadda ka zata girma. Abin da ka kuskure shi ne ma'anarsu.

Rana ba dutse ba ce balle ta tsage. Curin iska ce mai tsananin zafi, fuskarta tana kai maki kusan 5,500 a ma'aunin Salshiyas, kuma ba ta juyawa gaba ɗaya kamar faifai. Tsakiyarta tana kammala zagaye cikin kwana 25, kusa da kanta da gindinta kuwa sai kusan kwana 35. Wannan rashin daidaito shi ke murɗa igiyoyin maganaɗisun da ke cikinta. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai tufkar igiyar rama ya ga abin da ke faruwa idan murɗi ya yi yawa: igiyar ta tashi da kanta, ta naɗe, ta yi ƙululu. Haka igiyoyin rana ke ɓullowa ta fuskarta, inda suka ɓullo ya yi baƙin tabo saboda ya fi kewayensa sanyi. Idan murɗin ya kai maƙura a saman tabon, igiyoyi masu fuskantar juna su tsinke, su sake ƙulluwa ta wata hanya cikin 'yan mintoci. Ƙarfin da ya fita a wannan tsinkewa shi ne tartsatsin da ka kira fashewa. Sau da yawa rabin igiyar na sama yakan fita da wani ƙaton curin iska, kamar dutse daga majajjawa, ya nufi sarari. Rabin ƙasa kuwa ya koma ya dafe jikin rana da ƙafa biyu, ya lanƙwashe. Shi ne bakan da ka gani.

Nan ne na fi so ka tsaya, Malam, domin abin yana da kyau ƙwarai. Bakan maganaɗisu shi kansa ba a ganinsa. Abin da ke haska shi iska ce da zafin tartsatsin ya tafasa daga ƙasa, ta hau ta cika shi, zafinta ya haura maki miliyan 10. Kafin wannan ya huce, wata igiyar ta ƙullu a samansa, ita ma ta cika ta haska, sannan wata a saman wannan. Mai kallo sai ya ga kamar baka ɗaya ne ke tashi sama, alhali sababbi ne ke hawa kan tsofaffi, ƙafafunsu na ƙara nisa da juna. Suna jeruwa gefe da gefe, goma, ashirin, har su zama doguwar rumfa. Idan ka taɓa shiga tsohon soro ka ɗaga kai, ka ga yadda magina suka tayar da azara daga bango biyu har ta haɗu a sama ta zama bakan gizo, to ka ga siffar. Wanda ya shiga tsohon masallacin Juma'a na Zariya, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya fi kowa gane abin da nake nufi. Bambancin shi ne bakan rana yana iya kai tsayin kilomita 100,000 ko fiye, duniyarmu kuwa faɗinta kilomita 12,742 ne, wato za ta wuce ta ƙarƙashinsa ba tare da ta taɓa komai ba. Bayan awoyi iskar da ke ciki ta huce, ta yi nauyi, ta gangaro ta ƙafafun bakan ɗigo-ɗigo. Masana suna kiran wannan ruwan saman rana, kuma SDO ya ɗauki wani mai ban mamaki ranar 19 ga Yulin 2012.

Ka ga ke nan baka ba ya zuwa sai bayan an gama ɓarna. Igiyar da ta tsinke ce ke komawa mazauninta. Abin da ka nuna wa mutane a matsayin rauni, ɗinki ne.

Kuma ba a 2024 aka fara ganinsa ba. 'Yan sama jannatin tashar Skylab sun ɗauki hotunan irin waɗannan bakuna tun 1973. A 1976 wasu masana biyu, Kopp da Pneuman, suka bayyana yadda sake ƙulluwar igiyoyi ke haifar da su. Daga baya wani masani ɗan ƙasar Cek, Zdenek Svestka, ya gano wasu da suka fi waɗannan girma a bayanan tauraron SMM na 1980, manyan bakuna da ke daɗewa a sama awoyi masu yawa bayan tartsatsin ya mutu. Tauraron Japan mai suna Yohkoh ya ɗauki wani ranar 21 ga Fabrairun 1992 mai tsini a ka kamar harshen kyandir, tsinin nan kuwa shi ne daidai wurin da igiyoyin ke ƙulluwa, abin da ya ƙarfafa bayanin 1976. Tartsatsin kansa an fara ganinsa ranar 1 ga Satumban 1859, lokacin da wani Bature, Richard Carrington, yake zana tabon rana a Ingila. Shekarar ce Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya rasu. Guguwar maganaɗisun da ta biyo baya ta fi ta 2024 ƙarfi nesa ba kusa ba, ta rikita wayar tangaraho a Turai da Amurka, amma Gobirawan wancan zamani sun yi girbinsu a kakar shekarar, ba abin da ya faɗo musu. Rana tana da zagaye na kusan shekara 11, tabo ya yi yawa, ya ragu, ya sake yawa. Ana lissafin zagayen tun daga 1755, wanda muke ciki shi ne na 25, ya fara a Disambar 2019, kuma a Oktoban 2024 NASA da hukumar NOAA suka ce ya kai ganiyarsa.

Ni na ga wurin da bakunan nan ke tsayuwa da idona, sau ɗaya a rayuwata. Ranar Laraba 29 ga Maris 2006 ina Gusau, da hantsi, lokacin da wata ya rufe rana ruf a kan Gusau da Katsina. Haske ya fara yin fatsi-fatsi kamar an zuba masa toka, iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki. A ƙarƙashin dogonyaron da muke tsaye, inuwar ganye ta cika da ƙananan jinjirin wata ɗaruruwa a kan ƙasa. Sai duhu ya sauka gaba ɗaya, masallatai suka ɗauki kabbara, na ɗaga kai na ga baƙin faifai da farin rawani kewaye da shi, zare-zare, mai laushi, ba ya kashe ido. Wani dattijo kusa da ni kuka yake yi yana salati. Wannan farin rawani shi Turawa ke kira korona, kalmar Latin mai nufin kambi, wadda cutar nan ta shekarun baya ma daga gare ta ta samo suna. Kullum yana nan, hasken fuskar rana ne ke ɓoye shi. A cikinsa bakunan ke tashi su faɗi, tun kafin a haifi Bawa Jangwarzo, tun kafin a gina Alkalawa.

Yanzu ga inda kake da gaskiya, kuma ba zan rage maka ba. Tartsatsin rana yana taɓa mu. Haskensa mai ƙarfi, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, yana isowa cikin minti 8 da daƙiƙa 20. Ba ya kaiwa ƙasa, iskar sama ce ke shanye shi tun daga nisan kilomita 60 zuwa 90. Amma a can saman akwai wani rufi mai ɗauke da lantarki, wanda muryar rediyon gajeren zango ke dukansa ta dawo ƙasa, shi ya sa mutumin Kurawa ko Tsamaye ke jin tashar da ke watsowa daga wata nahiya. Idan tartsatsi ya bugi gindin rufin nan, maimakon ya bar murya ta wuce sai ya haɗiye ta. Ranar 6 ga Satumban 2017, da misalin ƙarfe ɗaya na rana agogonmu, an yi tartsatsi mai girman X9.3, gajeren zango ya ɗauke a kan Afirka da Turai. Ranar 3 ga Oktoban 2024, ƙarfe ɗaya da minti 18, aka yi wani mai girman X9.0, nan ma Afirka ce ke fuskantar rana. Ina da kawu da rediyo ba ya barin kafaɗarsa. Idan murya ta dusashe masa da rana tsaka, yakan bubbuga akwatin da tafin hannu, ya ciro batir ya lasa, ya ƙara wa eriya waya ya rataya a kan darni, yana cewa, "Wanga akwati ya gaji." Wani lokaci akwatin ne da gaske. Wani lokaci kuwa rana ce, kuma da ya jira rabin awa ko awa ɗaya muryar za ta dawo da kanta. Da a nan ka tsaya, da na yi maka godiya, domin mutanenmu masu rediyo sun cancanci a gaya musu wannan.

Curin iskar da majajjawa ta wurga shi kuma yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku kafin ya iso, idan ya nufo mu. Shi ke girgiza maganaɗisun duniya. A Maris 1989 ya kashe wutar lardin Kubek na Kanada, mutum miliyan 6 suka yi awa 9 cikin duhu. A ƙarshen 2003 ya lalata manyan taransifomomi a Afirka ta Kudu. A Fabrairun 2022 kamfanin Starlink ya yi asarar taurari 38 cikin 49 da ya harba. Mu ma muna da namu kason: layin tsakiya na maganaɗisun duniya ya ratsa Najeriya, kuma a samansa akwai wani kogin lantarki da Farfesa Cyril Onwumechili ya yi shekaru yana nazarinsa tun yana Ibadan. Saboda kusancinmu da layin nan, na'urar GPS takan yi kuskure a yankinmu bayan faɗuwar rana, musamman a shekarun da tabo ya yi yawa. Hukumar sararin samaniya ta ƙasa tana da cibiyar nazarin wannan a Anyigba ta jihar Kogi. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya isa dalilin da zai sa yaranmu na Isa da Sabon Birni su karanci rana a jami'a.

To amma ba waɗannan ka lissafa ba. Ka ce zafi.

Ka tuna azumin 2024, wanda ya kama daga 11 ga Maris zuwa 9 ga Afrilu. Ba wanda ya yi shi a ƙasar Sakkwato da zai manta. A cikinsa ne, ranar 3 ga Afrilu, garin Kayes na Mali ya kai maki 48.5. Guguwar ranar da kake magana a kai ta zo ne 10 da 11 ga Mayu, bayan sati biyar. Ta yaya abin da ya zo daga baya zai haifi abin da ya riga shi? Ka duba ta ɗaya gefen kuma: a 2019 rana ta yi fiye da kwana 270 ba tabo ko ɗaya a fuskarta, tana barci ke nan, amma 2019 da 2020 suna cikin shekarun da suka fi zafi a tarihin awon duniya. Hasken da rana ke aiko mana tsakanin ganiyarta da barcinta bai bambanta da fiye da kusan kashi ɗaya cikin dubu ba. Tartsatsi mafi girma, idan aka tara duk ƙarfin da ya saki, bai kai abin da rana ke fitarwa cikin daƙiƙa ɗaya a kowace rana ta Allah ba. Ka kuma ce rana ta matso kusa. Tana matsowa, amma a farkon Janairu, lokacin da take nisan kilomita miliyan 147, mu kuwa muna ƙudundune a bakin wuta saboda ɗari. A farkon Yuli ta fi nisa, kilomita miliyan 152. Bazararmu tana da dalilinta da kowane manomi ya sani ko bai karanta ba: a ƙarshen Afrilu rana tana bi ta tsakar kanmu, ƙasa a bushe, sama ba gajimare. A tsakiyar Agusta tana sake bi ta tsakar kan namu, amma ba ma jin ta haka, domin akwai hadari, akwai laima, gero ya rufe ƙasa.

Abin da ya ƙaru a kan bazarar kakanninmu a ƙasa aka haɗa shi. Gungun masana yanayi na World Weather Attribution sun bincika zafin Afrilun 2024 na Mali da Burkina Faso, suka ce da ba don ɗumamar da hayaƙin ɗan'adam ya jawo ba, da bai kai haka ba. Mu kuma mun ƙara namu a gida. Ina gawon da ke gonakin bakin gulbin Rima lokacin muna yara? Ina kalgo da sabara? Sun tafi a buhunan gawayi. Soron ƙasa mai sanyi ya koma ɗakin kwano mara silin. Iyalin da aka koro daga ƙauye, mutum goma sha biyu a ɗaki ɗaya a cikin gari ko a ajin makaranta, zafin da suke ji ba a saman rana aka hura shi ba.

Batun batir ba zai ɗauke mu lokaci ba. Guguwar maganaɗisu tana shiga waya ce mai tsawon ɗaruruwan kilomita, ba wayar kamu goma da ta sauko daga rufin gida ba. Batirin innata na je na duba shi: yana ajiye a ɗakin kwano, ruwansa ya ƙafe, faifan sola kuma ƙurar hunturu ta yi masa bargo. Zafin ɗaki yana cinye ran batir, wannan kowane mai gyaran sola a kasuwa zai gaya maka.

Sabis ɗin waya shi ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin a nan maganarka ta fi cutarwa. Wayar hannu ba ta bi ta rufin sama kamar gajeren zango. Kai tsaye take magana da ƙarfen da ke bayan gari, nisan 'yan kilomitoci, shi kuma ya miƙa wa na gaba. A daren 10 ga Mayun 2024, lokacin da guguwar ta fi ƙarfi, sama ta yi ja da kore a Turai da Amurka har zuwa Meziko, kuma da me mutanen can suka ɗauki hotunan suka watsa wa duniya a daren? Da wayoyinsu. Manoman Amurka sun koka cewa taraktocinsu masu bin GPS sun karkace daga kunya, wannan ya faru. Amma waya ta ci gaba da shiga a ƙasashen da guguwar ta fi duka.

Mu kuwa mun san ranar da namu sabis ya ɗauke, mun san wanda ya ba da umarni, domin ba a ɓoye aka yi ba. A farkon Satumban 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa ta sa aka rufe layuka a Zamfara. A cikin watan kuma gwamnan lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya bayyana cewa an rufe su a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, domin yaƙi da 'yan bindiga. A lokacin ne aka rufe hanyar Marnona zuwa Isa, aka hana sayar da mai a jarka. Ko matakin ya yi amfani ko bai yi ba, wannan muhawara ce ta daban, kuma mutanen yankin suna da abin cewa a kanta. Abin da nake so ka tuna shi ne yadda muka yi a watannin nan. Mutum ya sayi layin Nijar, ya hau tudu ko ya nufi bakin iyaka, ya ɗaga waya sama yana juyawa har sanda ɗaya ta fito, ya kira ɗansa da ke Legas ya ce muna nan da rai. To Malam, rana nawa ce a sama? Wadda ke kan Sabon Birni ita ce ke kan Gidan Rumji da Madawa. Idan ita ke kashe sabis, me ya sa take kashe na wannan gefen iyaka ta bar na wancan?

Ƙarfen sabis inji ne ke riƙe da shi, inji kuma mai yake sha. Man nan mota ke kawo shi, motar kuma sai ta bi hanyar da direba ke tsoron bi. Idan an sace batir ko kebul a gindin ƙarfe, sai injiniya ya yarda ya zo, shi ma yana da 'ya'ya. Ranar 14 ga Maris 2024 intanet ta rikice a Najeriya da maƙwabtanta, dalilin kuwa a ƙarƙashin teku yake, wayoyi huɗu ne suka tsinke a gaɓar Kodebuwa. A ƙarshen Oktoban 2024 yawancin Arewa ta yi fiye da mako cikin duhu, kuma kamfanin rarraba wuta na ƙasa da kansa ya faɗi dalili: layin Shiroro zuwa Kaduna an riga an lalata shi, layin Ugwuaji zuwa Apir da aka dogara da shi kuma ya faɗi. Kowane ɗaya cikin waɗannan yana da ofis, yana da mai sa hannu, yana da kasafin kuɗi. Muna da ɗan majalisar jiha, muna da na tarayya, muna da sanata, muna da shugaban ƙaramar hukuma. A yankin da kiran waya ɗaya ke iya sa ƙauye ya tsere kafin babura su iso, ko a samo mota ga mai naƙuda, sabis ba kayan ado ba ne. Wanda ya gaya wa mutanen nan cewa daga rana ne, ya karɓe musu tambayar da ta rage a bakinsu, ya kuma sauke wa masu alhaki kaya ba tare da sun roƙa ba. Na san ba nufinka ke nan ba. Amma an bar jaki ana dukan taiki, kuma jakin yana jin daɗin haka.

Ka kawo maganar alamomin tashin duniya. Ni ba malamin addini ba ne da zan yi fatawa, amma akwai abin da kowane ɗalibin zaure ya sani. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu a Madina, an yi husufin rana, mutane suka ce saboda rasuwar ne. Manzon Allah bai bar maganar ta kwana ba, ya gyara musu, ya nuna musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne da ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya umarce su da salla. Uba ne cikin baƙin cikin rashin ɗa, kuma fassarar mutane girmama shi take yi, duk da haka ya ƙi ta saboda ba gaskiya ba ce. Mun kuma ga abin da mummunar fassarar sama ke jawowa: a Janairun 2001, da aka yi husufin wata, matasa a Maiduguri suka fita ƙone-ƙone suna cewa zunubin wasu ne ya jawo. Kallon sama da lissafi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, da ilimin lissafi da taurari aka san shi. Tsofaffin manomanmu har yau suna ƙirga taurarin damina, kwana 13 kowane, su san lokacin shuka da lokacin da ruwa zai ja baya. Waɗannan mutane ba su ji tsoron sama ba, sun karance ta, kuma karatun bai rage musu imani ba.

Ina roƙonka abu biyu. Na farko gwaji ne da ba ya cin ko kwabo. Ka sa wani ɗalibi a Isa, wani a Sabon Birni, kowane ya riƙe littafi wata uku, ya rubuta rana da sa'ar da sabis ya ɗauke da sa'ar da ya dawo. Hukumar NOAA tana wallafa jerin kowane tartsatsi da mintin da ya faru, kyauta. A ajiye littattafan kusa da jerin. Sannan a je gindin ƙarfe a tambayi maigadi ranakun da mai ya yanke. Duk wanda ya dace da littafin yaran, ni na yarda da shi, kuma zan rubuta hakan da sunana.

Na biyu ba ya jiran wata uku. A ƙarshen rubutunka ka ce duk mai shakka ya dubi rana da yamma ko cikin hazo, zai ga tsagar da idonsa. Don Allah ka janye wannan tun yau. Bakunan ba sa ganuwa da ido, kuma hazo yana rage zafin kallo ne kawai, ba ya hana hasken ƙona bayan ido, ƙunar da ba ta da zafi a lokacin, sai daga baya yaro ya ga baƙin ɗigo a tsakiyar allonsa. Baƙin tabarau ba ya karewa, gilashin da aka shafa wa hayaƙi ma haka. Wanda ke son ganin siffar rana ya huda kwali da allura, ya ba ta baya, ya bar hasken ya faɗa kan farar takarda. Za a bukaci wannan ba da daɗewa ba: ranar Litinin 2 ga Agustan 2027 wata zai rufe rana ruf a kan Luksor ta Masar da Jidda da Makka, a wajenmu kuma wani yanki nata zai rufe idan hadarin damina bai tare ba. Yaran da suka karanta rubutunka za su fito tsakar gida a ranar, kuma za su ɗaga kai.